Yadda Ake Tara wa Tsangayar Injiniya Kuɗin da Zai Yi Aiki

Koyar da injiniya yana cin kuɗi fiye da yawancin fannonin jami'a. Ɗalibin da zai gina gada sai ya matse kankare a cikin inji ya ga inda yake tsagewa, ya ja sandar ƙarfe har ta tsinke ya auna nauyin da ta ɗauka. Na fannin lantarki yana buƙatar na'urorin awo, da kayan haɗa da'ira da ke ƙonewa a hannun mai koyo, da manhajojin zane waɗanda ake biyan lasisinsu duk shekara. Kuɗin makaranta da kason gwamnati ba kasafai suke ɗaukar wannan nauyi ba, shi ya sa tsangayoyin injiniya a ko'ina suke neman gudummawar masu hali. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan wuraren da gudummawar ta iso, aka yi biki, aka liƙa sunan mai bayarwa a bango, amma bayan shekara uku injin yana lulluɓe da tamfol saboda wani ɗan ƙarfe ya lalace kuma babu kuɗin sauya shi. An rubuta wannan jagora ne domin shugaban tsangaya da kwamitinsa, da kuma mai niyyar bayarwa da yake son ya san abin da ya kamata ya tambaya.

Mataki na farko: ku lissafa buƙata tare da kuɗin riƙonta

Kafin ku tunkari kowa, ku zauna da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje. Su suka san injin da yake aiki, da wanda ake nuna wa baƙi kawai. Ku ɗauko rahoton ƙarshe na hukumar da ke tantance kwasa-kwasanku, domin masu tantancewa sukan rubuta giɓin da suka gani a fili, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin mai bayarwa fiye da koke-kokenku. Idan kuna da burin a amince da digirinku a wasu ƙasashe, ku duba ma'aunin Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda hukumomin tantance karatun injiniya na ƙasashe da dama suke amincewa da juna a ƙarƙashinta.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Farashin inji a takardar kamfani somin taɓi ne. Akwai kuɗin dako da na kwastan, da girkawa, da gyaran ɗakin da zai zauna: wani injin yana son lantarki mai layi uku, wani yana son sanyi da ɗaki marar ƙura, wani kuma sai an zuba masa daɓe mai kauri domin girgiza. Akwai daidaita ma'auninsa lokaci zuwa lokaci, wanda idan ba a yi ba sakamakon gwajin ba shi da amfani ga kowa. Akwai kwangilar gyara, da kayan sauyi, da horar da wanda zai sarrafa shi, da albashin da zai hana wannan mutum tafiya wani kamfani bayan ya ƙware. Ku haɗa duk wannan na shekara biyar zuwa goma, jimillar ita ce abin da za ku nema. Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: gara a nemi inji biyu da kuɗin riƙonsu da a nemi biyar tsirara.

Haka gini yake. Duk sabon bene yana zuwa da kuɗin wuta da shara da gyaran rufi, kuma mai bayarwa ba zai tuna da wannan ba sai kun tuna masa.

Ku tace buƙatun zuwa uku ko huɗu, ku rubuta su a shafi biyu. Kowace buƙata ta faɗi abin da zai sauya ga ɗalibi: a yau ɗalibai nawa ke cunkushe a kan na'ura ɗaya, bayan aikin za su zama nawa, wane gwaji ne ake karantawa a allo kawai wanda za a fara yi da hannu. Kalmomi irin su "inganta ilimi" da "kai tsangaya matakin duniya" ba sa motsa wanda ya saba karanta takardun kasuwanci.

Mataki na biyu: ku gyara gida

Wannan mataki gajere ne amma tsallake shi yana rushe sauran. A tanadi asusu na musamman wanda kuɗin gudummawa ba zai gauraya da na albashi ba, da masu sa hannu aƙalla biyu, da mai binciken kuɗi daga waje duk shekara. A samu amincewar shugaban jami'a da majalisar gudanarwa a rubuce. A kuma daidaita da ofishin jami'a mai kula da tsofaffin ɗalibai da gudummawa, don kada shugabannin tsangayoyi biyu su faɗa wa mutum ɗaya a mako guda, kowa da takardarsa.

Ku tambayi lauya game da dokar haraji ta ƙasarku. A Amurka mai bayarwa ga jami'a yana iya samun rangwamen haraji, a Birtaniya kuma akwai tsarin da gwamnati ke ƙara fam 25 a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar. Idan akwai irin wannan a wurinku, dole kowane ɗan kwamiti ya iya bayyana shi.

Mataki na uku: ku san irin kyautar da ta dace da kowace buƙata

Akwai kuɗin da ake kashewa nan take, kamar na sayen kaya ko tallafin karatun bana. Akwai kuma waƙafi, inda ake juya uwar kuɗin a kasuwar hannun jari da makamantanta, ribar kawai ake taɓawa. Yawancin jami'o'in da ke da irin wannan asusu suna kashe kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na darajarsa a shekara, sauran ribar ta koma ciki don kada hauhawar farashi ta cinye shi. Lissafin a bayyane yake: idan kujerar farfesa (wato muƙamin farfesa da asusun zai riƙa biya) ko kula da ɗakin gwaji na cin miliyan 5 a shekara, ko da wane irin kuɗi ake magana, ana buƙatar waƙafin miliyan 100 zuwa 125. Mutane da yawa suna razana idan suka ji wannan, amma gara su razana a teburin tattaunawa da a kafa kujerar da ba za ta iya biyan mai zama a kanta ba. Inda hauhawar farashi ta yi tsanani, sai an ƙara taka tsantsan wajen zaɓen inda za a zuba kuɗin da kuma wanda zai juya su.

Sai kyautar kaya, wadda kamfanoni suka fi so. Wani lokaci alheri ce babba. Wani lokaci kuma tsohon inji ne da kamfanin yake neman inda zai sauke, wanda masana'antar da ta ƙera shi ta daina yin kayan gyaransa. Kada ku karɓi inji sai ma'aikacinku ya je ya gan shi yana aiki, ya tabbatar akwai littafin sarrafawa da kayan sauyi. Manhajar da aka ba ku kyauta kuma, ku tambayi shekara nawa lasisin zai yi da abin da za a biya bayan nan. Ƙin karɓar kyauta cikin ladabi yana daga cikin aikin.

Na ƙarshe shi ne wasiyya, wato wanda zai bar wa tsangaya wani kaso na dukiyarsa bayan rasuwarsa, gwargwadon abin da doka ta yarda. Ba a gina kasafin bana a kanta, amma tsangayoyi da yawa da suka tsaya da ƙafafunsu a yau, da ita suka tashi.

Mataki na huɗu: su wa za a nema

Ku duba manyan kyaututtukan da aka sani, za ku ga abu guda yana maimaituwa. Andrew Viterbi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Qualcomm, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma a 2004 shi da matarsa suka ba tsangayar injiniyarta dala miliyan 52. Abokin aikinsa Irwin Jacobs ya taɓa koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, a 2003 shi da matarsa Joan suka yi wa tsangayar injiniyar can alkawarin dala miliyan 110, bayan wata kyauta da ta fi wannan ƙanƙanta da suka fara bayarwa shekaru kaɗan kafin nan. A Indiya, Nandan Nilekani na kamfanin Infosys ya ba cibiyar fasaha ta IIT Bombay rupi biliyan 3.15 a 2023, shekara 50 bayan ya shiga makarantar yana ɗalibin injiniyan lantarki. Duk waɗannan alaƙa ce ta gomman shekaru ta haifar da su. Babu wanda wasiƙar roƙo daga baƙo ta ciro wa irin wannan kuɗi.

Kada kuma ku taƙaita ga injiniyoyi. John Paulson, wanda ya ba tsangayar injiniya ta Harvard dala miliyan 400 a 2015, ɗan kasuwar hada-hadar kuɗi ne da ya yi karatu a makarantar kasuwanci ta jami'ar.

Aikin ku na farko a nan mai gajiyarwa ne: tattara sunayen tsofaffin ɗalibai aji-aji, inda suke aiki da yadda za a same su, tare da izininsu da kiyaye sirrin bayanan. Malaman da suka yi ritaya taska ce a wannan aiki, domin suna tuna ɗalibansu kuma ɗaliban suna jin nauyinsu. Kowane suna a auna shi da tambaya uku: yana da hali, yana da alaƙa da mu, kuma abin da muke son yi yana cikin abin da ya damu da shi? Mai kuɗin da ba shi da biyun ƙarshe ɓata lokaci ne a yanzu.

Kamfanonin da ke ɗaukar ɗalibanku aiki suna da dalilin kansu na taimakawa, tunda su ke kashe kuɗin sake horar da wanda ya fito bai iya aiki ba. Amma ku raba kyauta da kwangila. Idan kamfani yana son mallakar sakamakon bincike, wannan ciniki ne, ya bi ta ofishin bincike da farashinsa.

Sannan ku zana jadawalin kyaututtuka. Masu sana'ar tara gudummawa sun daɗe da lura cewa mutane ƙalilan ne ke kawo mafi yawan kuɗin. Idan burinku miliyan 100 ne, ku sa ran kyauta ɗaya ta miliyan 15 zuwa 20, biyu na miliyan 10, huɗu ko biyar na miliyan 5, a haka har ƙasa. Kowane gurbi yana buƙatar sunaye uku ko huɗu na gaske, domin ba duk wanda aka roƙa ke bayarwa ba. Idan kun kasa rubuta ko suna ɗaya a layin sama, burin ya fi ƙarfinku, ku rage shi tun kafin duniya ta ji.

Mataki na biyar: aikin shiru

Ba a fara gidauniya da taron manema labarai. Akan shafe shekara ɗaya ko biyu ana aiki a ɓoye har a tara kusan rabin abin da ake nema. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka 'yan kwamiti da shugaban tsangaya da malamai su fara sa nasu, kowa daidai ƙarfinsa. Mai bayarwa mai wayo zai tambaya ko waɗanda suka zo roƙonsa sun bayar, kuma amsar tana da tasiri fiye da adadin.

Ziyarar farko ta sauraro ce. Ku tambayi mutum yadda karatunsa ya kasance, wane malami ne ya sauya masa rayuwa, me yake gani ya rasa a sababbin injiniyoyin da yake ɗauka aiki. Ku nuna masa shafukan nan biyu ku nemi ya faɗi kurakuran da ya gani a ciki. Daga baya ku gayyace shi tsangaya, ku kai shi har ɗakin da kuke jin kunyarsa, ku bar ɗalibai su nuna masa aikin da suka ƙera da hannunsu. Minti ashirin tare da ɗalibar da ke bayanin injin da ta haɗa da tarkacen ƙarfe sun fi duk wata ƙasida mai sheƙi. Bayan kowace ganawa a rubuta abin da aka tattauna a ajiye.

Mataki na shida: roƙon kansa

Mutum biyu suka isa: shugaban tsangaya, da wani da mai bayarwar yake ganin girmansa wanda shi ma ya riga ya bayar. A faɗi manufar ziyarar tun wajen neman ganawa, kada a yi wa mutum ba-zata. Idan lokaci ya yi, a ambaci aiki da adadi ƙarara: "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu roƙe ka ka ɗauki nauyin ɗakin gwajin ƙarfin kayan gini, da kuɗin kula da shi na shekara goma. Miliyan 20 ne, ana iya biya cikin shekara huɗu." Daga nan a yi shiru. Masu roƙo da yawa suna ruɗewa a wannan gaɓa, su fara rage adadin da bakinsu tun mutumin bai ce uffan ba.

Idan ya ce a'a, ku gano ko adadin ne, ko lokacin, ko aikin bai kwanta masa ba, domin kowanne da maganinsa. Idan yana da ƙarfi sosai, ku ba shi shawarar ya ɗaura sharaɗin da zai jawo wasu. Lokacin da Chandrika da Ranjan Tandon suka ba tsangayar injiniya ta Jami'ar New York dala miliyan 100 a 2015, an haɗa da ƙalubalen cewa jami'ar ta tara wasu miliyan 50 daga wasu hannaye. Irin wannan yana ba ku hujja mai ƙarfi a gaban mai bayarwa na gaba.

Mataki na bakwai: bincike da yarjejeniya

Kafin kuɗi su shiga asusu, ku san inda suka fito. A 2019 shugaban ɗakin binciken Media Lab na jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka ya yi murabus bayan an bankaɗo yadda aka karɓi kuɗi daga Jeffrey Epstein, mutumin da kotu ta riga ta same shi da laifin jawo ƙaramar yarinya cikin karuwanci. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da kasafin jami'ar, amma tabon ya daɗe. A samu ƙaramin kwamiti, wanda ba ya cikin masu roƙo, mai ikon cewa ba za a karɓa ba.

Duk babbar kyauta a rubuta mata yarjejeniya, ko da mai bayarwa aminin shugaban jami'a ne. Ta faɗi abin da za a yi da kuɗin, da ranakun biya, da kason da aka ware wa gyara da kulawa. Idan za a sa suna a gini ko kujera, ta faɗi na tsawon wane lokaci, da halin da zai sa a cire sunan, da abin da zai faru idan ba a cika alkawarin biya ba. Ta kuma bayyana cewa ɗaukar ɗalibai da naɗa malamai da sakamakon bincike suna hannun jami'a. Mai bayarwa yana iya cewa tallafinsa na 'ya'yan marasa ƙarfi ne ko na mata masu karatun injiniya, inda doka ta yarda, amma ba shi zai zaɓi sunaye ba.

Akwai sakin layi ɗaya da ake yawan mantawa: me za a yi idan manufar ta tsufa? Fasaha tana gudu, fannin da ake rububinsa yau yana iya zama tarihi nan da shekara talatin. Gordon McKay, wanda ya yi arziki da injinan ɗinkin takalma, ya rasu a 1903 ya bar wa Harvard dukiyarsa domin koyar da kimiyyar aikace-aikace. Da Harvard ta ƙulla shirin haɗa gwiwa da MIT don a koyar da injiniya da kuɗin, babbar kotun jihar Massachusetts ta yanke hukunci a 1917 cewa hakan ya saɓa wa wasiyyar, shirin ya rushe. Kalmomin da aka sa wa hannu suna ɗaure jami'a bayan duk waɗanda suka zauna a teburin sun shuɗe. Saboda haka a rubuta cewa idan manufar ta gagara, majalisar jami'a za ta karkatar da kuɗin ga abin da ya fi kusa da niyyar mai bayarwa, bayan shawara da shi ko magadansa.

Mataki na takwas: fitowa fili

Yanzu ne lokacin taro da sanarwa da shafin intanet na karɓar gudummawa. A sauƙaƙa biya ta waya, a buɗe hanyar cire ɗan kuɗi kaɗan duk wata. 'Yan aji ɗaya su haɗu su ɗauki abu guda da za su iya nunawa, kamar teburan gwaji goma ko tallafin ɗalibai biyar. Ƙananan kyaututtuka ba su ke cika buri ba, amma daga cikin masu ba da su manyan masu bayarwa na shekaru ashirin masu zuwa za su fito. Abin da aka furta a lasifika cikin zafin taro kuma kada a ƙirga shi sai an sa hannu a takarda. A bi kowane alkawari cikin mako guda, tun zuciya ba ta huce ba.

Mataki na tara: bayan kuɗi sun shigo

Godiya da rasit su isa cikin kwana biyu ko uku, babba ko ƙarami. Mai babbar kyauta shugaban tsangaya ya kira shi da kansa. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya da gaske.

Duk shekara kowane asusu ya samu rahotonsa: nawa ya shigo, nawa aka kashe, a kan me, nawa ya rage. A haɗa da abin da injiniya zai so ya gani, wato awa nawa injin ya yi aiki, ɗalibai nawa suka yi gwaji a kansa, yaushe aka daidaita ma'auninsa. Ɗaliban da suka ci tallafi su rubuta 'yan layuka da kansu, ba tare da an tilasta musu tallata talaucinsu ba. Idan aiki ya makara, ko ɗan kwangila ya gaza, ko injin ya tsaya, a faɗa wa mai bayarwa kafin ya ji a bakin wani. Injiniyoyi da 'yan kasuwa sun san aiki yana tangarɗa, ɓoyewar ce ba sa yafewa.

Shugabannin tsangaya suna sauyawa duk bayan 'yan shekaru, alkawuran da aka ɗauka kuwa suna nan. Don haka kowace yarjejeniya da rahotanninta da bayanan ganawa su zauna a fayil ɗaya a ofishin tsangaya, da kwafi a ofishin ma'ajin jami'a, kuma shugaba mai barin gado ya ɗauki magajinsa su ziyarci manyan masu bayarwa ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa makullai.